Safiyar da Baba Ya Ga Farisa

Mutumin da ya ce zai tarbe mu a filin jirgin Tehran bai zo ba. Har yau ban san kamarsa ba, muryarsa kawai na sani a waya, murya mai laushi irin ta masu tallar magani a cikin kar, babbar motar fasinja. Shi ne ya ce ya kama mana ɗaki, ya karɓar mana randebu, wato ranar ganin likitan ido, a Shiraz, mu dai mu biya mu taho. Muka biya, muka taho. Na yi ta kiran lambarsa har batirin wayata ya yi ja, ba mai amsawa sai matar nan ta cikin waya da ba ta jin zagi. Na dai zage ta, ko na samu sauƙin zuciya.

Baba yana zaune kan akwatinmu cikin babbar rigarsa ruwan toka, ya dafa lemarsa da hannu biyu.

"Ke mutuniyar Tanda, bar wayar nan haka," ya ce. "An cuce mu, an gama. Amma dai ƙasar Farisa ce wannan da muke ciki ko?"

"Ita ce, Baba."

"To, madalla."

Har da murmushinsa. Wallahi da ba ubana ba ne, da ya ji abin da ke bakina.

Baba ya yi shekaru sama da talatin yana koyar da istuwar, wato tarihi, a kolej ɗin Gaya. In ka tambayi sunansa na yanka a tasha ko a duwan, wurin 'yan kwastan, da wuya ka samu wanda ya sani, amma ka ce Mushe Farisa, wato Malam Farisa, ɗan kabu-kabu ma zai kai ka har ƙofar gida. Ko darasin me ya ɗauko, ko na Songhai ne ko na zuwan Nasara, kafin a buga ƙararrawa sai ya karkato ya faɗa Farisa: sarakunanta, hanyoyinta, da wata tsohuwar fada mai suna Persepolis da yake zana ginshiƙanta a tablo har alli ya ƙare. Daga baya hawan jinin ido ya kama shi. Na hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama ya rage masa ɗan gurbi a tsakiya, kamar mai leƙen ɗaki ta hujin makulli, kuma gurbin kullum ƙara tsukewa yake. Likitocin Yamai suka ce sun yi iyakar nasu. Sai wani tsohon ɗalibinsa mai shigo da dabino ya ce masa ai a Shiraz akwai gwanayen aikin ido. Ƙannena suka ce Tunis ta fi kusa. Baba ya ce Shiraz, ya sayar da garkarsa ta mangwaro da ke bakin kogi, bai shawarci kowa ba. Duk mun san Persepolis tana kusa da Shiraz, kuma duk mun yi kamar ba mu sani ba.

Ni aka zaɓa in raka shi domin ni ce mai fasfo da baki. Atamfa nake sarowa daga Kwatano da Lome, na saba da iyaka da masu iyaka. Sai dai ni ce 'yar fari. Sunana Rakiya, amma ban taɓa jin sa a bakin Baba ba. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a Tanda, shi ya sa nake mutuniyar Tanda har gobe. Da na dawo Gaya na shiga ajinsa, in yana kiran suna ya zo kaina sai ya ce "mai bi mata," ya wuce. In zai yi mini magana bango yake kallo. Ban taɓa jin haushi ba, haka aka yi mu, ni ma ɗana na fari ban iya kama sunansa. Amma a ƙasar mutane, tsohon da ba ya gani kuma bai yarda ki riƙe masa hannu ba, wahala ce. Sanda ma ya ƙi ta, ya ce shi ba makaho ba ne, sai lema yake dogarawa ko babu hadari. Da yatsa biyu yake kama igiyar jakata, ni a gaba shi a baya.

Wani dattijo da suka yi salla tare da Baba a masallacin filin jirgin ne ya ga halin da muke ciki. Ba mu jin juna, sai Shiraz da Baba yake ta maimaitawa. Ya sa mu a motarsa ya kai mu tasha, ya tsaya har muka zauna a kar, ya dafa ƙirji ya tafi. Ko sunansa ban tambaya ba, kuma abin yana damuna.

Tafiyar yini guda ce cur. Ni da na tashi ina ganin kogi da giginya da fadamun shinkafa, sai ga ni cikin ƙasar da ba komai sai duwatsu tsirara, hagu da dama. Baba ya manna goshinsa jikin gilashi.

"Me ake gani?"

"Duwatsu, Baba."

"Waɗanne iri?"

"Irin na duwatsu."

Bai kula da tsiwata ba. Ya shiga ba ni labarin manzannin sarki da suke bin irin wannan hanya a kan doki, in doki ya gaji a canza wani a zango, saƙo ba ya kwana. Ya ce ƙarƙashin busasshiyar ƙasar nan akwai hanyoyin ruwa da mutanen da suka haƙa tun daga gindin duwatsu har cikin garuruwa. Ni kuwa hankalina yana kan shagona da na bar wa yarinyar da ba ta iya ciniki ba, da autata mai shirin jarabawa. Kewar gida ta taso mini tun ban kwana biyu ba, har na ji ina marmarin hayaniyar gadar Malanbil ta bakin iyakarmu da nake tsinewa kullum.

Matar da ke kujerar gefenmu ta yi ta kallona tun daga Tehran. Na gaji na zuba mata ido ni ma, na ce in kallo ne mu yi. Sai ta buɗe jaka ta ciro kokwamba, ta fere, ta tsaga, ta barbaɗa gishiri, ta miƙo mini biyu tana nuna Baba da haɓa. Na karɓa ina jin nauyin kaina. Har muka isa ba ta daina fere mana abu ba.

A Shiraz muka tarar da abin da muka riga muka sani: ba wanda ya taɓa jin sunanmu a gidan likitar. Aka ce mu dawo, za a nema mana gurbi. Muka fito muka zauna kan benci da akwatinmu, ban san inda za mu kwana ba. Wani tsoho mai farin gashin baki ya matso, ya yi magana cikin wayarsa, wayar ta juya mini da Faransanci: yana da taksi, matarsa tana ba marasa lafiya hayar ɗaki. Na ce a raina ga wani kuma. Na yi masa kallon da nake yi wa 'yan kamasho a Kwatano, na ce sai na ga ɗakin da idona. Ya yi dariya ya ɗauki akwatin. Sunansa Aga Rahim, matarsa Hanum Zahra. Aga da Hanum kamar a ce Malam da Malama ne a wurinsu.

Gidan yana cikin wani lungu, da tsakar gida da ɗan kwarmin ruwa a tsakiya da itatuwan lemu sun yi fure. Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi, ya ce ko ba a gaya masa ba ya san akwai lemu a nan.

Da yamma Hanum Zahra ta yi shimfiɗa a ƙasa ta kawo shinkafa, fara tas, dogayen ƙwayoyi kowace a ware. Ni 'yar Gaya ce, ba a burge ni da shinkafa, amma na yaba. Sai ta koma madafa ta dawo da wani faranti ta ajiye gaban Baba da hannu biyu. Na leƙa. Ƙanzo ne. Ƙanzon gindin tukunya, ja wur, an ɓamɓaro shi faifai guda.

Raina ya ɓaci nan take. Mutumin da ya koyar da rabin Gaya, a tura masa ƙanzo don an ga mu baƙi ne ba mu da kowa? A gidanmu yara ake bar wa shi. Na janye farantin na tura shi can ƙarshen shimfiɗa, na zuba wa Baba farar shinkafa, ina huci. Fuskar Hanum Zahra ta canza, ta dubi mijinta. Aga Rahim ya ɗauki waya ya yi magana a hankali, wayar ta ce: wannan shi ne mafi daraja a tukunya, a kansa 'ya'yansu suke faɗa, babban baƙo ake ba.

"Me ya faru?" in ji Baba. "Na ji wurin ya yi tsit."

Na gaya masa. Ya yi dariya har ya sarƙe.

"Maido mini ƙanzona," ya ce.

Ya ci shi ƙaras-ƙaras da sauran haƙoransa, ni kuwa na rasa inda zan sa fuskata. Washegari tun da safe na shiga madafa na wanke mata tukwane kaf, ba ta hana ni ba. Daga baya na yi musu miya da daddawar da na ƙullo daga gida. Ta buɗe tagogi duka, amma ta cinye nata har ta ƙara.

Aga Rahim ne ya yi ta zarya da mu har aka samu gurbi. Likitar mace ce, ba ta girme ni ba, tana jin Faransanci daidai gwargwado. Ta daɗe tana duba idon. Da ta gama ba ta yi mana kwana-kwana ba. Ta ce in aka bar shi, ɗan abin da ya rage ba zai kai baɗi ba. In aka yi aiki, mai yiwuwa a tsare shi ya ƙara shekaru. Amma ido da ya kai wannan matsayi, wani lokaci aikin kansa ne yake kashe sauran hasken gaba ɗaya, kuma ba ta iya yi mana alkawari. Ta sa mana rana cikin makon. Kafin nan, in ji ta, a huta, a ɗiga magani, ban da rana, ban da ƙura.

"Madam," in ji Baba, "ina son in je Persepolis."

"Bayan aiki sai ku je."

"Da wane idon?"

Ta juya alƙalami a hannunta. Sannan ta dube ni, ba shi ba, ta ce ita dai ta faɗi abin da ya fi wa idon.

A ɗaki muka yi ta. Na ce ba inda za shi.

"Baba, garka guda kuka sayar. Ba don duwatsu kuka sayar da ita ba."

"Wa ya gaya miki?"

"Ni aka damƙa wa amanarku. In idon nan ya lalace a rana kafin a taɓa shi, me zan ce wa Inna? In ce na kai ku yawon buɗe ido?"

Yana zaune bakin gado, fuskarsa ga bango kamar kullum.

"Shekara talatin ina gaya wa 'ya'yan mutane abin da ban taɓa gani ba," ya ce. "Hoto guda ne a littafi, bai kai tafin hannuna ba. Sauran duk da baki na gina shi. Ina son in san ko ƙarya na yi musu."

Maganar ta taɓa ni, amma na ƙi nunawa. Tsoro nake ji, tsoron in koma Gaya da uba makaho a ce sakacina ne. Na ce a'a, na ɗauke lemarsa na ɓoye bayan akwati, don na san halin kayana.

Bayan sallar asuba barci ya ɗauke ni. Da na farka gari ya waye, gadonsa ba kowa. Na fita ko takalmi ban sa daidai ba. A ƙarshen lungun, inda ya haɗu da babban titi, akwai wani lambatu mai gudu da ruwa, irin wanda suke yi a gefen titunansu. A nan na same shi tsaye, hannu ɗaya jikin bango, motoci suna wucewa fuu a gabansa. Ƙafarsa ɗaya ba takalmi, ta jiƙe har ƙauri. Ban san tun yaushe yake wurin ba. Yana juya kai a hankali, yana neman inda titin ya ƙare, bai samu ba.

"Baba."

"Iska nake sha," ya ce.

Na hango takalmin ya maƙale a cikin lambatun. Na sa hannu na ciro, na durƙusa na share masa ƙafa da bakin zanena na sa masa. Ina durƙushe hawaye suka zo mini, na bar su suka zuba, tunda ba gani zai yi ba. Mutumin da in ya shigo aji ko tari ba mai yi, shi ne tsaye a bakin kwata a garin da ba wanda ya san shi. Tausayinsa ya kama ni har cikin ƙashi.

"Gobe za mu je," na ce. "Amma da baƙin tabarau da malafa. Kuma in na ce mu koma, mu koma."

"To, Madam."

Aga Rahim ya ce mu yi sammako, domin zanen da ke jikin bangon wurin ya fi fitowa lokacin da rana ta leƙo daga bayan dutse, kafin inuwar rumfa ta rufe shi. Hanum Zahra ta cika mana jaka da burodi da cuku da shayi kamar masu zuwa Agadas, alhali tafiyar ba ta kai rabin Gaya zuwa Dosso ba.

Wurin yana kan wani dandali mai tsawo a gindin dutse, sai an hau matakala. Baba ya kama damtsen Aga Rahim ba musu, abin da ya hana ni tun daga gida, na bi su a baya da jaka ina cije leɓe. Matakalar ba ta da tsayi, taki kaɗan-kaɗan.

"Kin ji yadda take?" in ji Baba. "Don masu manyan riguna aka yi ta haka, kada babban mutum ya tattare riga a gaban jama'a. Wannan kam na faɗa musu daidai."

A sama muka tarar da ƙofa, da wasu bijimai na dutse masu fukafukai, kowanne ya fi ɗaki tsayi. Ni da ban damu da tarihi ba sai da na riƙe baki. Baba ya cire tabarau. Ya ɗaga kai, ya sauke, ya koma hagu, ya dawo dama. Ya ja da baya, ya matso.

"Kofato nake gani," ya ce. "In na ɗaga kai sai toka-toka. Ba ya haɗuwa."

Muka je wurin ginshiƙan da ya yi shekaru yana zanawa. Nan ma haka. Yana ganin ɗan yanki, ya bi shi sama, ya ɓace masa cikin hasken sama. Idon ya fara ruwa. Ya dafa lemar da hannu biyu.

"Wurin ya fi ƙarfin idona," ya ce a hankali. "Na makara."

Ban taɓa jin muryarsa haka ba. Ga shi na saɓa wa likita, na fito da shi rana, kuma a banza.

Aga Rahim bai ji abin da aka ce ba, amma ya ga fuskokinmu. Ya ja mu muka zagaya bayan wani dandali, ƙarƙashin wata babbar rumfa. A nan akwai bango dogo, an sassaƙa mutane a jikinsa jeri-jeri, ba manya ba, kowanne bai wuce tsayin yaron goye da ya fara tafiya ba. Rana tana dukansu daga gefe, kowane ninkin riga ya fito. Aga Rahim ya nuna gwiwoyinsa alamar sun gaji, ya koma gefe ya zauna.

"Baba, ga wasu 'yan mutane a bango."

"Ina?"

Na nuna, bai samu ba. Sai na kai yatsana kusa da gilashin da aka tare bangon da shi. Da lalle a hannuna, ja a kan tokar dutse.

"Ku nemi yatsana tukuna."

Ya yi ta lalube da ido. "Na gan shi."

"To ku bi shi."

Na ja yatsan a hankali zuwa kan wani rago. Baba ya sunkuya.

"Rago," ya ce. "Ga ƙaho. Har ulun sun yi masa." Muryarsa ta dawo irin ta aji. "Waɗannan su ne baƙin sarki. Kowace ƙasa da ke ƙarƙashinsa takan aiko da mutanenta da gaisuwa. Ci gaba, ci gaba."

Haka muka bi bangon, yatsana a gaba, idonsa a baya. Mutum guda yana shiga gurbin idonsa daidai, kamar don shi aka auna. Muka ga masu tulu, masu doki, da raƙumi mai tozo biyu, Baba ya ce in ya faɗa wa Buzayen kasuwar Gaya za su ce ya fara ruɗewa. Muka ga wasu ɗauke da tufafi a ninke, na ce wannan ninkin na ɗan kasuwa ne, ya san aikinsa. Baba ya ce a cikin fadar sarkin sarakuna ma atamfa nake gani.

A gaban kowace tawaga akwai bafaden sarki da ya kama hannun shugabansu yana jan sa. Baba ya daɗe a kan hannayen nan biyu.

"Wannan ban sani ba," ya ce. "A hoton ba a gani. Na ce musu da bulala ake shigo da su." Ya girgiza kai. "Aji nawa na faɗa wa haka."

A can ƙarshen bangon, a ƙasa, yatsana ya faɗa kan wasu masu gashi irin namu, murɗaɗɗe. Ɗaya ya saɓa hauren giwa a kafaɗa, suna jan wata dabba mai kama da raƙumin dawa irin na hanyar Yamai, sai dai wuyanta gajere. Na gaya wa Baba. Ya durƙusa da kyar har gwiwarsa ta taɓa ƙasa, ya kai fuskarsa dab da gilashi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya.

"Sannunku da hanya," ya ce musu. "Ku ma kun sha tafiya."

Wasu masu yawo suka tsaya suna ɗaukar mu hoto. A wani lokacin da na yi musu tas, amma ran nan ko kallonsu ban yi ba.

Da ya miƙe, inuwa ta fara cin bangon, idon ya yi ja yana ta zubar ruwa. Na san saura kaɗan ya gaji gaba ɗaya. Aga Rahim ya yi nuni da cewa can gaba akwai sarkin kansa a kan karaga. Yanzu kuma ni ce mai gaggawa.

"Baba, ku zo mu je ku ga sarkin kafin idon ya gaji. Ba nisa."

"Bar shi."

"Sarkin fa? Shi kuka zo gani."

"Na ce bar shi. Fito daga rumfar nan. Juya ki fuskanci rana."

Na ɗauka wani abu ne a bayana yake son in matsa masa. Na fito na juya. Sai ya matso dab da ni, ya ɗaga kai, ya sa mini ido.

Ban san yadda zan yi da fuskata ba. Tunda aka haife ni bai taɓa yi mini haka ba. Na sunkuyar da kai, ya ce in ɗago. Ya fara daga goshi, yana tafiya a hankali yadda ya bi mutanen bangon, ido ɗaya, ɗaya idon, hanci, baki, haɓa. Ya koma sama. Ina jin numfashinsa. Mutane suna ratsa mu suna wucewa.

"Goshin uwata ne," ya ce. "Ashe ke kika ɗauke shi."

Ya karkata idon zuwa gefen kaina.

"Mene ne wannan a gefen kallabi? Furfura?"

"'Yar kaɗan ce, Baba."

"Ikon Allah. Yaushe kika girma haka?"

Ya ƙara dubawa, ya daɗe, har ruwan idon ya gangaro masa cikin gemu, ban san ko na ciwo ne ko na wani abu ba. Sannan ya mayar da tabarau da kansa, ya ce to mu tafi, ya gama. Wajen sauka Aga Rahim ya miƙo damtse, amma Baba ya riga ya kama wuyan hannuna.

Aka yi aikin ranar da aka sa. Hanum Zahra ta zauna da ni a bakin ɗakin tana jan carbi, tana tura mini dabino a hannu. Da aka zo cire bandeji, likitar ta kunna 'yar fitila ta kai gaban idon, ta kawar, ta dawo da ita.

"An buɗe?" in ji Baba.

"An buɗe, Baba."

Ya ce, "To. Alhamdu lillahi."

Likitar ta ce a jira kumburi ya sauka, wani lokaci yakan dawo. Muka jira har bizarmu ta kusa ƙarewa. Abin da ya dawo shi ne ya san dare ya san rana, shi ke nan. Ranar sallama likitar ce idonta ya cika, Baba ne yake ba ta haƙuri, yana ce mata ta yi aikinta, kuma ba ta ɓoye masa komai ba. Na tambaye ta a gefe ko fitar da muka yi ce ta jawo. Ta ce ba ta zato, amma ba wanda zai iya sani. Da wannan amsar nake zaune har yau, kuma da za a mayar da ni safiyar nan, da na sake kai shi.

Yanzu yana zaure a Gaya, tsofaffin ɗalibansa suna zuwa gaishe shi, direbobi da ma'aikata da 'yan kasuwa. Duk wanda ya zauna sai ya gyara masa darasi: ba da bulala ake shigo da baƙin ba, da hannu ake jan su, a je a faɗa wa sauran 'yan ajin. Sunana dai har yanzu bai kama ba. In na shigo da kwanon abincinsa ya ji takuna, sai ya ce wa baƙin, ga mutuniyar Tanda nan, mai goshin uwata, har ta fara 'yar furfura a gefe guda.

Shekarun nan furfurar ta cinye kaina kaf, jikokina ma tsokanata suke. Na hana kowa ya gaya masa.